Jarabawar yare ta kayar da ni a Jamus, ga Mama ba lafiya a gida, ya zan yi da maganar zama 'yar ƙasa?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema don kaina ya ɗaure. Shekararmu huɗu da aure, maigidana ya daɗe da zama ɗan ƙasar Jamus tun kafin a ɗaura mana, ni kuma yau shekarata biyu da wata bakwai da biyo shi. Bara na je gida jinyar mahaifiyata na yi wata biyar da sati biyu. Yanzu ciwon ya sake tashi ina son in koma, amma matar yayana da ke Ingila ta ce in na ƙara fita lissafina ya lalace, wai kwana 90 kawai aka yarda mutum ya yi a waje. Ga jarabawar Jamusanci na zauna na faɗi, karatu da rubutu na samu B1, matakin yaren da ake nema don zama 'yar ƙasa, amma a magana A2 da ke ƙasa da shi aka ba ni. Maigida ya ce in kwantar da hankalina akwai wani da zai samo mana takardar shaida ba sai na sake zama ba. Ni dai raina bai kwanta da abun ba. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in fara amsawa, kuma abin da na gani shi ne abubuwa uku ne suka cuɗe miki wuri ɗaya har kike ganin kamar komai ya rushe, alhali wallahi bai rushe ba, kin ma fi kusa da gamawa fiye da yadda kike tsammani. Amma akwai abu ɗaya da zai iya ɓata miki komai, shi ne takardar nan da ake son a samo miki, don haka da ita zan fara tun kafin mu je ga lissafin kwanaki.

Kar ki karɓa. Ko kyauta aka kawo miki har ɗaki kar ki karɓa. Ran nan naki da ya ƙi kwanciya gaskiya ya gaya miki. A dokar zama ɗan ƙasa ta Jamus, wanda ya ba da bayanin ƙarya ko ya yi amfani da shi don a ba shi ƙasa zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara biyar ko tara, kuma ko an riga an ba ki takardar kin yi fasfo kin yi murna an gama, hukuma tana da damar ƙwacewa har tsawon shekara goma daga ranar da aka ba ki in ta gano da yaudara aka samu. Da can shekara biyar ce, a 2019 aka mai da ita goma. Ki yi tunanin shekara goma kina zaune duk lokacin da aka jefo wasiƙa a akwati gabanki na faɗuwa. Sannan ki tuna ba takarda kaɗai suke kallo ba, za ki je ofis da ƙafarki ki zauna gaban ma'aikaci, zai yi miki magana da Jamusanci, akwai bayanin amincewa da tsarin mulkin ƙasar da za ki sa wa hannu kuma ana so ya zama kin fahimci abin da ke ciki, to in takarda ta ce B1 bakinki kuma ya kasa haɗa jimla biyu, shi kenan kin buɗe musu ƙofar bincike da hannunki, kuma tambayar cibiyar da aka ce ta ba da takardar ba wani aiki ba ne a wurinsu. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma sunan da ke jikin fam ɗin naki ne, sa hannun naki ne, shi wannan mai samo takardar ranar da abu ya fashe ko wayarsa ba za a samu ba.

Ban ce maigidanki mugunta yake nufi ba, ko kaɗan. Na tabbata tausayinki ne ya kama shi, ya ga kin faɗi kin dawo gida kina kuka, ga tunanin Mama, shi ne yake neman hanyar da zai sauke miki nauyi. Ki zaunar da shi cikin ladabi ki ce masa kin gode amma wannan hanyar ba taki ba ce, ki nuna masa cewa shi ma in sunansa ya shiga ciki bai tsira ba. In kin ga maganar za ta yi miki nauyi a baki, ki ba shi wannan amsar ya karanta da kansa.

To yanzu maganar matar yayanki. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar Ingila ce. A can wanda ya auri ɗan ƙasa yana bukatar shekara uku, kar ya wuce kwana 270 a waje a cikinsu gaba ɗaya, kuma kar ya wuce kwana 90 a wata goma sha biyun ƙarshe kafin ya miƙa fam, nan ta samo kwana 90 ɗinta. Amurka kuma tsarinta daban, shekara uku da katin zama na dindindin kuna tare da mijin, kuma aƙalla wata goma sha takwas mutum yana cikin ƙasar. Faransa ita shekara huɗu da aure take nema kuma ta ɗaga matakin yare zuwa B2, wanda ke sama da B1, daga farkon 2026. Kowace ƙasa da ma'auninta, shi ya sa nake yawan cewa matan da ke rubuto min su daina ɗaukar fatawa a guruf ɗin WhatsApp inda wata tana Landan wata tana Faris wata tana Niyok kowa na faɗin nata kamar duk doka ɗaya ce. Ke a Jamus kike, dokar Jamus ce ta shafe ki.

Ga yadda take a wurinku. Sashe na 9 na dokar zama ɗan ƙasa shi ne na mata ko mijin ɗan Jamus, kuma agogo biyu ne ke tafiya a lokaci ɗaya. Ɗaya na aure, ana so ya kai shekara biyu, wannan kin wuce shi tuni. Ɗaya kuma na zama a cikin ƙasar bisa ka'ida, shekara uku. Sauran mutane da ba su auri ɗan ƙasa ba shekara biyar suke jira tun gyaran dokar da ya fara aiki ranar 27 ga Yuni 2024, kafin nan ma takwas ce. In kin ji ana cewa an soke hanyar shekara uku kar hankalinki ya tashi, wadda aka soke a Oktoban 2025 wata hanya ce daban ta gaggawa da aka yi wa masu ƙwazo na musamman, ta ma'aurata tana nan yadda take. Inda mutane ke yawan kuskure shi ne haɗa agogon biyu, sai ka ji mace na cewa ai shekarata shida da aure, alhali huɗu daga ciki tana gida tana jiran biza. Shekarun jiran biza aure ne amma ba zama ba ne, haka in kin taɓa zuwa da bizar ziyara kika yi 'yan makonni kika koma, wannan ma kar ki sa shi a lissafi. Bisa abin da kika faɗa min kina da wata talatin da ɗaya cikin talatin da shida, saura biyar.

Tafiyarki ta bara fa? Ba ta katse miki komai ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa zaman waje da bai wuce wata shida ba ba ya katse zaman mutum a ƙasar, ke kuma wata biyar da sati biyu kika yi, kin dawo da sauran sati biyu a hannu. Amma dan Allah kar ki dogara da ƙwaƙwalwa, yau ɗin nan ki ɗauko fasfonki, da tsohon in kin canza, ki buɗe shafi shafi ki duba tambarin shiga da na fita, ki nemo tikitocin jirgi a imel ɗinki ko na maigida, ki samu takarda ki ja layi uku, ranar fita, ranar dawowa, kwana nawa. Sau da yawa mutum zai rantse wata biyar ya yi, sai an buɗe fasfo a ga tambari ya ce shida da kwana huɗu saboda an ɗaga tikiti sau biyu ya manta, kuma ofis tambari yake gani, rantsuwa ba ta shiga fayil. Har 'yan ƙananan tafiye-tafiye ki rubuta su, don bayan iyakar wata shida a tafiya ɗaya akwai kuma iyakar jimilla, in duka zamanki a waje ya haura rabin lokacin da ake bukata, a naki wata goma sha takwas kenan, to a ka'ida ana ɗauka ba a ƙasar kike zaune ba. Ke kina nesa da wannan, na faɗa ne don ki san shi ma yana nan.

Saboda haka ki je ki ga mahaifiyarki. Ba zan taɓa ce wa 'ya ta bar uwarta a kwance don fasfo ba, in fasfo ya yi jinkiri ana sake nema. Abin da nake so kawai ki tafi da ido a buɗe. Wata shidan nan ba maganar zama 'yar ƙasa kaɗai ya shafa ba, ya shafi katin zamanki na yanzu, don a dokar zaman baƙi in mutum ya fita ya wuce wata shida bai dawo ba izinin zamansa yana mutuwa da kansa ko da kwanan watan da ke jikin katin bai ƙare ba, babu wanda zai kira ki ya sanar da ke, sai dai ki zo filin jirgi ki tarar da magana, daga nan kuma sai sabon neman biza. Maganin wannan yana da sauƙi amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki hau jirgi ki rubuta wa ofishin baƙi na garinku, ki ce mahaifiyarki na fama da rashin lafiya za ki je jinya kuma zai iya yiwuwa ki wuce wata shida, kina roƙon a tsawaita miki wa'adin dawowa, ki haɗa da takardar likita in akwai. Doka ta ba su ikon su sa miki wa'adi mafi tsawo, in kuma kika dawo a cikinsa, katinki na nan kuma zamanki bai katse ba. Ki tabbata amsar a rubuce take ki ajiye kwafi a waya da kuma a jaka, maganar baki a kan tebur ko ta waya ba ta tsaya wa kowa. Ki duba kuma ranar da katin naki zai ƙare, kar ya ƙare kina can. Tikiti ki yanka na zuwa da dawowa, ranar dawowar ki sa ta a wata na huɗu ko na biyar, ki bar wa kanki fili, jinya ba ta da tabbas kuma jirgi ma yana saɓa lokaci.

In da hali, kuma in jikin Mama ya ba da dama, ni abin da zan fi so miki shi ne gajeruwar tafiya yanzu, ki gan ta ki tsara wanda zai kula da ita tare da 'yan uwanki ki dawo ki ƙarasa watannin nan, kuma ga dalilina. Matar ɗan Jamus in ta cika shekara uku da izinin zama, auren na nan, ga B1 a hannu, tana iya neman izinin zama na dindindin, kuma wannan izinin in kina zaman aure da ɗan ƙasa ba ya mutuwa don kin wuce wata shida a waje. Kin ga B1 ɗin nan ƙofa biyu yake buɗe miki, ta zaman dindindin da ta zama 'yar ƙasa, kuma ƙofar farkon ita ce ma ta fi amfanar mai uwa a kwance tun kafin a zo maganar fasfo, don amsar neman zama ɗan ƙasa tana ɗaukar watanni da yawa, a manyan birane har ta haura shekara. Amma ke kika san halin da take ciki, in ciwon ya yi tsanani ki tafi kawai ki yi abin da na faɗa na rubuta wa ofis.

Mu dawo kan yaren, don a nan ne ainihin aikin yake, kuma sakamakon naki ya gaya min abubuwa da yawa game da rayuwarki ko da ba ki faɗa ba. Daga yadda kika kwatanta, jarabawar DTZ kika yi, wadda ake yi a ƙarshen kwas ɗin baƙi mai awa 600 na yare da awa 100 na sanin ƙasa. A wannan jarabawar sai mutum ya samu B1 a magana, sannan ya ƙara da B1 a ɗaya daga cikin sauran ɓangarori biyun, wato saurare da karatu ko kuma rubutu, kafin a rubuta masa B1 gaba ɗaya, shi ya sa duk da kin ci biyu maganar ta ja ki ƙasa. To ki tsaya ki duba, wadda ta iya zama minti talatin ta rubuta wasiƙa da Jamusanci har aka ba ta B1, kalmomin suna cikin kanta, nahawun yana cikin kanta, matsalarta ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Bakin ne bai saba ba. Mutane da yawa akasin haka suke, su iya surutu a titi rubutu ya kayar da su, kuma nasu ya fi naki wuyar gyara.

Me ya sa bakin bai saba ba? Bari in yi hasashe ki gaya min in na yi kuskure. Kun je asibiti, likita ya dube ki ya tambaye ki ina ke miki ciwo, kin gane tambayar sarai, amsar ma ta zo miki har kin buɗe baki, amma kafin ki gama jera kalmomin a ranki maigida ya riga ya amsa, likita ya juya ya fuskance shi, daga nan har aka fito shi da likita ke magana a kanki kina zaune da jaka a cinya. Waya ta yi ƙara lambar da ba ki sani ba, kin miƙa masa. Mai kawo saƙo ya buga ƙararrawa, kin ce ya je. Takarda ta zo daga ofis, shi ya buɗe shi ya kira su. Duk cikin ƙauna yake yi da son ya hutar da ke, ke ma kuma kin ji daɗin hutun saboda kunyar kar ki yi kuskure a gaban mutane, amma shekara biyu da wata bakwai kenan bakinsa kike aro, kuma ranar jarabawa ba a shiga da miji. Shi aurenki da shi ya rage miki hanya daga shekara biyar zuwa uku, iyakar abin da fasfonsa zai yi miki kenan, sauran sai da ƙafarki da bakinki.

Don haka taimakon da za ki roƙa a wurinsa shi ne ya yi shiru. Na san da wuya, ga namiji da ya saba shi ke gaba wajen magana ya tsaya yana kallon matarsa tana lalube, amma ku yi yarjejeniya tun daga gida, duk inda kuka je ke za ki fara magana, shi ya ƙirga goma a ransa kafin ya sa baki, kuma ko zai sa baki kalma ɗaya zai miƙo miki ki ƙarasa da kanki, kar ya karɓe zancen. Alƙawarin likita na gaba ke za ki kira ki yi, ki rubuta abin da za ki ce a takarda ki ajiye gabanki, ki gaisa, ki faɗi sunanki da ranar haihuwarki, ki ce kina son lokaci, in ta yi sauri ki ce mata dan Allah a hankali ina koyo ne, babu wanda zai kashe miki waya don wannan. A gida kuma ku ware rabin awa kullum ba Hausa, lokaci ɗaya tsayayye da ba ya canzawa, ko da dariya za ku yi ta yi a satin farko. Gyaran da zai yi miki ya bari sai kin gama jimla, don wanda ake katsewa a tsakiyar magana daina magana yake yi.

Sannan ki yi atisaye a kan ainihin abin da za a tambaye ki, don ɓangaren maganar nan ba ɓoyayye ba ne, kin ma gan shi da idonki. Kashi uku ne, ku biyu ake shigar da ku, ki gabatar da kanki, a ba ki hoto ki kwatanta abin da ke ciki ki faɗi abin da kika sani game da irinsa a rayuwarki, sannan ke da abokiyar zamanki ku tsara wani abu tare, wa zai kawo me, yaushe, a ina. Na ukun nan shi ke kayar da masu kunya, saboda ana so a ji kin kawo shawara, kin ƙi wata shawarar da dalili, kin tambayi ɗayar ra'ayinta, ba ki zauna kina cewa to, to, na yarda ba. Mu an tarbiyyantar da mu kan cewa yawan musu da baƙo rashin kunya ne, to a ɗakin nan in kika yarda da komai maki kike zubarwa. Ki nemi ɗaya daga cikin matan da kuka yi aji tare, wadda ba ta jin Hausa ta fi, ku riƙa haɗuwa ko kiran bidiyo sau uku a sati kuna yin kashi ukun nan da agogo, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Ranar farko ba za ki so jin kanki ba, ki daure, bayan sati uku ki koma ki saurari ta farkon ki ji bambanci. Ko kina gida wajen Mama wannan ba zai tsaya ba tunda waya na hannunki, minti ashirin bayan ta yi barci ya isa a ce bakin bai koma ya rufe ba.

Wajen sake zama kuma ba dole sai DTZ ba. Takardar B1 ta wasu cibiyoyin jarabawar yare, Goethe ko telc, ma ana karɓa. Ta Goethe kashi huɗu ce, karatu, saurare, rubutu, magana, kowanne ana neman maki 60 cikin 100, kuma alherinta shi ne in kika faɗi kashi ɗaya shi kaɗai za ki maimaita. Sai dai sakamakon DTZ ɗinki ba ya bin ki can, duka huɗun za ki yi, don haka ni a ganina tunda kin riga kin san fasalin DTZ kuma magana ce kawai ta rage, ki fara tambayar makarantar da kika yi kwas ko makarantar manya ta gari da ake kira VHS yadda za ki sake zama da kuma ranakun da suke da su, ki yi rajista tun yanzu don a samu rana tsayayya da kike fuskanta. Doka ta ɗauke sharaɗin yare ga wanda ciwo ko naƙasa ko tsufa ya hana shi, ke ba kya cikinsu, kar wani ya ba ki shawarar neman takardar likita ta ƙarya, ita ma 'yar uwar waccan ce.

Akwai jarabawa ta biyu da ba ki ambata ba, ta sanin ƙasa. Tambaya 33 ce a minti 60, kowace da amsa huɗu ki zaɓi ɗaya, talatin a kan ƙasar gaba ɗaya uku a kan jihar da kike, ana so ki ci 17. Duka tambayoyin da ake ɗebowa daga ciki, 310 ga kowace jiha, suna nan a shafin BAMF, hukumar tarayya mai kula da ƙaura da 'yan gudun hijira, kyauta. In kin yi wadda ake yi a ƙarshen kwas ɗinku ki ɗauko takardar ki duba makin, 15 ya isa a ce kin ci kwas amma don zama 'yar ƙasa 17 ake nema, mutane da yawa sai a ofis suke gano wannan bambancin. Mai B1 a karatu irinki wannan ba zai ba ta wuya ba.

Sauran sharuɗɗan a taƙaice, fasfo mai rai da takardar haihuwa da ta aure, fassararru a wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi in an nema, shaidar cewa gidanku na ɗaukar nauyin kansa ba da tallafin marasa aiki ba, albashin maigida ya isa in yana ɗaukar ku, ba sai kina aiki ba, sai rashin wani laifi a kotu, sai kuɗin neman, yuro 255. Fasfonki na gida kuma Jamus ba ta ƙara cewa sai kin ajiye shi tun gyaran 2024, ki dai duba abin da dokar ƙasarki ta haihuwa ta ce a nata ɓangaren. Sunayen da ke jikin takardun nan ki jera su a tebur ki karanta harafi harafi, in a wani wuri an rubuta sunan mahaifinki da harafi biyu a wani da ɗaya, ko ranar haihuwa ta saɓa, ki fara gyarawa yanzu, irin wannan ƙaramin abu yana riƙe fayil watanni, kuma tunda gida za ki je ga dama ta samu ki karɓo duk abin da sai a can ake samunsa.

Abu ɗaya da ba na son in tsallake ko da ba daɗin ji, wannan gajeruwar hanyar a kan auren take tsaye har ranar da za a miƙa miki takardar a hannu, don ranar ce kike zama 'yar ƙasa ba ranar da kika miƙa fam ba. Ba fata nake yi ba, Allah ya bar ku tare, amma shi ya sa nake so takardunki su kasance a hannunki kin san inda kowace take, kin san abin da aka rubuta a fam kafin ki sa hannu, ki cike shi da kanki maigida na gefe yana duba miki. Kuma doguwar tafiya ta sa ku riƙa ajiye abin da ke nuna gidanku ɗaya, rajistar adireshinki ta zauna yadda take, inshorar lafiyarki ta ci gaba.

In kina son wanda zai duba miki wasiƙar da za ki aika wa ofishin baƙi kafin ki tura, akwai cibiyoyin ba baƙi shawara kyauta da ƙungiyoyi irin su Caritas da Diakonie da AWO ke gudanarwa a garuruwa da yawa, ki nemi mafi kusa da ku ki je da fasfo da katin zama da takardar kwanakin da kika rubuta. Wannan kiran na neman lokaci a wurinsu shi ne nake so ya zama na farko da za ki yi da bakinki, gobe da safe, maigida na zaune kusa da ke bai ce komai ba. Ki gaishe min da Mama da jiki in kin isa, kuma ki rubuto min ranar da aka sa miki ta jarabawa.